Yadda Ake Sake Sifirin Na Gaban Babur

Babur ya zama jakin zamani a ƙauyukanmu. Shi ke kai buhun masara kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Amma yawancinmu inji kaɗai muke kula da shi. Muddin ya tashi da bugu ɗaya, sai mu ce babur lafiya lau. Ba mu duban ƙafafun nan biyu na gaba da ke riƙe da taya, waɗanda makanikai ke kira shoka.

To, bari mu ga abin da ke cikinsu. Kowace ƙafa bututu biyu ne, ɗaya yana shiga cikin ɗaya. A ciki akwai sifirin, wato waya mai ƙarfi da aka naɗe kamar igiya a jikin sanda. Akwai kuma mai. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. In taya ta faɗa rami, sai ya tsuke, sa'an nan ya miƙe. Shi kuwa mai, aikinsa ya hana sifirin yin ta tsalle, domin sai ya bi ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi kafin ƙafar ta motsa. Kamfanin BMW na Jamus ya fito da irin wannan ƙafa mai mai a ciki a 1935. Yau ita ce a gaban Bajaj Boxer da Jincheng da muke hawa. Tsohuwar Honda Cub wadda aka fara yi a 1958, tata ƙirar dabam ce, ba da ita muke ba.

Ƙarfe ma yana gajiya. Mutum uku a kan babur, ga buhu a kan tanki, ga hanya mai gargada, kullum haka. Sannu a hankali sifirin yakan gajarce, ba ya komawa tsawonsa na da. Za mu ga gaban babur ya durƙusa ko ba kowa a kai. In mun kama birki sai ya yi sujada. In mun faɗa rami sai mu ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, har cikin kafaɗa. Wani zai ce ai wannan rashin jin daɗi ne kawai. A'a. Sifirin ne ke danne taya a ƙasa. In ya mutu, taya takan riƙa tsalle, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin kwana.

Mu sayi sifirin biyu, kada mu sayi ɗaya. Wannan shi ne babban abu a aikin nan. In ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, kamar an haɗa bijimi da maraƙi ne a garma, aiki ba zai tafi daidai ba. Mu tafi wurin mai kayan babur da sunan babur ɗinmu, in da hali da tsohon sifirin a hannu. Mu sayo man shoka kuma. Akwai masu zuba baƙin man inji domin shi ne kusa. Ya fi babu, amma kaurinsa ba ɗaya ba ne da wanda aka yi domin wurin.

Ranar aiki mu fara wanke babur, musamman gabansa. Mu sami wuri mai tauri, daidaitacce, inda iska ba ta kwaso ƙura. Mu shimfiɗa buhu mai tsabta na ajiye kaya. Yashi ƙwaya ɗaya in ya shiga cikin bututu yana iya cinye robar da ke tsare mai.

Kafin mu ɗaga babur, mu dubi saman kowace ƙafa, kusa da kan babur. Akwai murfi mai kama da babban noti. In akwai ƙaramin noti a gefe wanda ya shaƙe wuyan bututun daga sama, shi za mu fara sassautawa. Sa'an nan mu sa sifana daidai da murfin, mu ɗan motsa shi kaɗan, mu bar shi. A wani babur sai an kwance kan an kawar da shi gefe kafin sifana ta shiga. Yanzu mu kafa babur a ƙafarsa ta tsakiya, mu sa kututture a ƙarƙashin inji, har tayar gaba ta bar ƙasa. Mu sa wani ya riƙe mana baya.

A nan sai mu natsu. Murfin nan yana danne da sifirin, ko da sifirin ya gaji. In muka warware shi sakaka, zai yi tsalle kamar an harba shi da gwafa, ya sami ido ko haƙori. Mu danna shi da tafin hannu muna juyawa, fuskarmu a gefe, yara kuma su matsa nesa. In ya fita, mu zaro abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa akwai guntun bututu, da wani zoben ƙarfe, sa'an nan sifirin. Mu jera su a kan buhu yadda suka fito. Mu lura da sifirin ɗin da kyau. A wasu babura naɗinsa ya fi matsewa a gefe ɗaya. Inda matsattsen gefen ya fuskanta, nan na sabon zai fuskanta, a ƙafafu duka biyu.

Mu kwantar da tsoho kusa da sabo a ƙasa. Nan za mu ga gajartar da idonmu.

Tun da mun buɗe, kada mu mayar da sabon sifirin cikin tsohon mai. Wasu ƙafafun suna da ɗan noti a ƙasa na tsiyaye mai. In babu, sai mu cire wayar birki da ta agogon gudu, mu fitar da taya da murfinta, mu sassauta notin da ke riƙe da ƙafar daga ƙasa, mu zaro ta. Mu kifa ta cikin tsohon gwangwani, mu yi ta turawa muna ja har man ya ƙare. Zai fito baƙi ko toka-toka, da wari. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. Mu shafa bututu mai ƙyallin nan da yatsa. In mun ji tsatsa ko ƙarzuwa, ko mun ga mai yana zubowa ta bakin roba, to robar ma sai an sake. Wannan ya fi kyau a kai wa makaniki. Haka kuma in bututun ya lanƙwashe.

Sabon mai kuwa aunawa ake yi, ba a zuba shi da ka. Littafin da ke zuwa tare da babur ya faɗi adadinsa. A yawancin ƙananan babura bai wuce mililita 200 a kowace ƙafa ba. Sirinji babba ko kofin awo ya isa. In mun zuba, mu tura ƙafar mu ja kamar sau 10 domin iska ta fita. Sa'an nan mu tsuke ta duka, mu tsayar da ita, mu zura tsinke mai tsabta mu ga inda man ya tsaya. Mu yi haka a ɗayar ma. Lalle tsinken ya nuna wuri ɗaya. In mai ya yi yawa ƙafa takan yi tauri, har ta fasa roba. In ya yi kaɗan sai tsalle ya dawo.

Mu goge sabon sifirin, mu sa shi, mu bi shi da zobe da guntun bututu. Mayar da murfi shi ne wurin da ake ɓarna. Haƙoransa ƙanana ne, ga sifirin yana turo shi. Mu danna, mu juya da hannu kawai har ya shiga zagaye uku ko huɗu. In ya cije tun farko, ya hau karkace ne, mu warware mu sake. Sifana sai daga baya.

Akwai masu dabarar ja wa tsohon sifirin tsawo, ko su cusa guntun ƙarfe a kansa domin gaba ya tashi. Gaban zai tashi kam, amma ƙarfen da ya gaji bai warke ba, kuma an rage masa wurin motsi. Kuɗin da aka ƙi kashewa yana iya tafiya wurin mai ɗori.

In mun mayar da ƙafafu, tsawonsu a sama ya zama ɗaya. Wajen mayar da taya, mu duba farantin birki. Yana da tsaga wadda ke shiga wani ɗan tudu a jikin ƙafa. In bai shiga ba, farantin zai juya tare da taya ranar da muka kama birki. Mu sauke babur, mu kama birkin gaba, mu danna kan babur sau da yawa domin kome ya zauna, sa'an nan mu bi notuna duka mu ƙara ɗaurewa.

Ga yadda za mu gwada aikinmu. Mu ɗaura zare a jikin bututu mai ƙyalli, mu tura shi ƙasa har ya taɓa roba. Mu hau a hankali, mu sauka a hankali, mu ɗaga gaban. Zaren zai nuna iyakar inda ƙafa ta nutse. In wajen kashi ɗaya cikin uku ne na dukan tafiyarta, ko ƙasa da haka kaɗan, ya yi. Daga nan mu zaga fili sannu-sannu muna gwada birki, ba tare da fasinja ba. Bayan kwana biyu ko uku mu sake bin notunan da sifana, mu duba ko mai yana tsattsafowa.