Minsharin da ke yanke numfashi: yadda ake gano shi da robar bakin da ke maganinsa



A gidajenmu minshari abin raha ne. Yara kan kwaikwayi na kakansu, abokan tafiya kan yi wa juna ba'a da shi idan gari ya waye, wasu ma suna ɗaukarsa alamar barci mai daɗi na wanda ya wuni yana nema. Galibin minshari kuwa ba ya takura wa kowa sai mai kwana kusa. Amma akwai wani iri da ya kamata a tsaya a saurare shi da kyau. Mutum yana cikin ja da ƙarfi sai a ji tsit, a ɗauki daƙiƙa 10 ko 20, wani lokaci har a kusa minti guda, sannan ya zabura ya ja iska da ƙara kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Wannan cuta ce mai suna a wurin likitoci. A Nijar da Kamaru da Cadi za ku ji suna ce mata apnée du sommeil da Faransanci. Mu a nan za mu kira ta ɗaukewar numfashi a cikin barci.

Abin da ke faruwa a maƙogwaro

Hanyar da iska ke bi daga hanci zuwa huhu tana ratsa bayan harshe da ganda, kuma a wannan gurbi babu ƙashin da ke tokare ta, tsoka ce kawai. Idan mutum yana farke tsokar a tsaye take. Da barci ya yi nauyi sai ta saki, harshe ya koma baya, hanyar ta tsuke. Iskar da ke kutsawa ta wannan ƴar kafa ita ke kaɗa naman maƙogwaro, ƙarar da ke fita kuwa ita ce minshari. Idan hanyar ta rufe ruf, ƙirji na ta kokawa amma iska ba ta shiga. Iskar oksijin ta ragu a cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, ƙwaƙwalwa ta farkar da mai barcin na ɗan lokaci kaɗan don tsokar ta sake miƙewa. Shi bai san ya farka ba. Ga wanda cutar ta yi wa tsanani, hakan na iya maimaituwa sau ɗaruruwa a dare guda.

Sai a shekarar 1965 likitoci suka fayyace wannan al'amari, lokacin da Henri Gastaut da abokan aikinsa a birnin Marseille na Faransa suka auna numfashin masu ƙiba suna barci. Daga baya Christian Guilleminault, wani likitan Faransa da ya yi aiki a jami'ar Stanford ta Amurka, ya nuna cewa cutar na kama marasa ƙiba, har ma da yara. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da ita a duniya, miliyan 425 daga cikinsu kuma tasu ta kai matsakaiciya ko mai tsanani. Mafi yawansu ba a taɓa auna su ba.

Kada a haɗa ta da ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, domin wancan ƙwayar cuta ce a cikin jini. Haka kuma da yawa daga masu farkawa a firgice suna jin an shaƙe su kan ɗora laifin a kan dannau. Idan abin yana yawan dawowa, kuma ga minshari mai ƙarfi, to a binciki maƙogwaro.

Ɓarnar da take yi

Mai wannan cuta kan kwanta tun bayan isha'i ya tashi da asuba a gajiye kamar bai runtsa ba. Bakinsa a bushe, kansa na ciwo, ya fita fitsari sau biyu ko uku cikin dare. Da rana gyangyaɗi ya hana shi sakat, a shago, a ofis, a wurin karatu, har a sahun Juma'a ana huɗuba. Mantuwa ta yi yawa, fushi ya zo da wuri, sha'awar iyali ta ragu, mutane su riƙa ce masa rago alhali shekaru ke nan bai sami barcin kirki ba.

Abin da ba a gani ya fi wannan muni. Faɗuwar oksijin da zaburar zuciya dare bayan dare suna tayar da hawan jini, musamman irin wanda ke ƙin jin magani ko an haɗa ƙwayoyi kala uku. Cutar na da alaƙa da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da wahalar daidaita ciwon sukari. Sai kuma haɗarin hanya. Mu tuna direban da zai ɗauko fasinja daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900. Goro da shayi na iya jinkirta gyangyaɗi, amma ba sa biyan bashin barci, kuma rufe ido na daƙiƙa kaɗan a kan sitiyari ya isa ya jawo asarar rayuka.

Yadda ake gano ta

Shaidar farko tana wurin mai kwana kusa. Mai cutar ba ya jin minsharinsa, matarsa ce ke ji, ko miji idan matar ce ke da ita. Mun san kunya kan hana mace faɗa wa maigida irin wannan magana, wani maigidan ma zai ji kamar an muzanta shi. Ya dace a kawar da wannan nauyi, domin wadda ta ce "na ga numfashinka yana tsayawa cikin dare" ta yi wa mijinta babban alheri. Wayar hannu ma na taimakawa: a ɗauki sautin na ƴan mintoci a kai wa likita ya saurara.

Likitoci na amfani da wasu tambayoyi 8 da Frances Chung da abokan aikinta suka tsara a birnin Toronto na Kanada a 2008. Ana minshari da ƙarfi? Ana jin gajiya ko barci da rana? Wani ya taɓa ganin numfashin ya tsaya? Akwai hawan jini? Ƙiba ta yi yawa ƙwarai? Shekaru sun haura 50? Kaurin wuya ya kai santimita 40? Namiji ne? Wanda ya amsa "i" sau 3 ko fiye ya cancanci a auna shi. Mata ma na kamuwa, musamman bayan al'ada ta ɗauke, kuma su sukan fi kukan gajiya da rashin barci da ciwon kai.

Tambayoyi dai suna nuna hanya ne kawai. Tabbaci sai da gwajin barci. Cikakken gwajin ana yin sa a asibiti, mutum ya kwana da wayoyi a kai da ƙirji da yatsa, na'ura tana rubuta aikin ƙwaƙwalwa da numfashi da bugun zuciya da oksijin. Akwai kuma ƙaramin gwaji da ake ba mutum na'urar ya tafi da ita gida, wanda takardar likita ke kira polygraphie ventilatoire. Da safe a ƙidaya sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai na aƙalla daƙiƙa 10 a kowace sa'a. Ƙasa da 5 lafiya lau. Daga 5 zuwa 15 cutar mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 30 matsakaiciya, sama da 30 mai tsanani. A ƙasashenmu waɗannan na'urori sun fi samuwa a manyan birane, wurin likitocin huhu ko na zuciya ko na kunne da hanci da maƙogwaro. Tafiyar na da tsada, amma wannan lamba ita ce ke nuna irin maganin da ya dace da mutum.

Injin iska da robar baki

Maganin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne injin da Colin Sullivan ya ƙirƙiro a birnin Sydney na Ostireliya, ya bayyana shi a 1981. Ana ɗaura abin rufe hanci, injin yana tura iska a hankali don hanyar ta zauna a buɗe. Da Faransanci ana ce masa PPC. Ga mai cutar mai tsanani shi ne zaɓi na farko. Sai dai yana da tsada, yana bukatar wutar lantarki dare duka, kuma mutane da yawa ba sa jure kwana da shi. A garin da wuta ke ɗaukewa tsakar dare, lokacin zafi musamman, wannan matsala ce ta gaske.

A nan robar baki ke da muhimmanci. Tunanin tsoho ne: tun a 1902 wani likitan baki na Faransa, Pierre Robin, ya ƙera abin da ke tura muƙamuƙin ƙasa gaba don yara masu ƙaramar haɓa. A shekarun 1980 aka fara amfani da irin wannan dabara ga manya masu ɗaukewar numfashi. Sunanta a takardar likita orthèse d'avancée mandibulaire. Roba ce mai tauri kashi biyu, ɗaya ya hau haƙoran sama, ɗaya na ƙasa, an haɗa su da ƴan sanduna ko ƙaramin kusa. Idan an sa ta, muƙamuƙin ƙasa kan matso gaba da ƴan milimita. Da yake harshe a jikin muƙamuƙin yake maƙale, shi ma sai ya biyo, sarari ya buɗe a bayansa. Mai karatu na iya gwadawa yanzu: ka tura haɓarka gaba ka yi ƙoƙarin yin minshari, za ka ji ya yi wuya.

Likitan haƙori ne ke yin ta bayan likitan da ya auna barcin ya rubuta. Zai duba haƙora da dasashi da mahaɗin muƙamuƙi, ya ɗauki zanen haƙoran, a ƙera robar daidai da bakin mai ita. Ana farawa da kusan rabin iyakar abin da mutum zai iya turawa, sannan a riƙa ƙara milimita guda ko rabi lokaci bayan lokaci har minshari ya lafa, barci ya gyaru. Daga nan wajibi ne a maimaita gwajin barci da robar a baki, domin minshari na iya yin shiru alhali numfashi bai daina tsayawa ba.

A 2014 hukumar kula da ingancin lafiya ta Faransa ta amince a fara da robar ga wanda lambarsa ke tsakanin 15 da 30 idan ba shi da babban ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini, da kuma wanda ya kasa jure injin. A 2015 ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka suka ba da shawarar a fifita wadda aka ƙera wa mutum shi kaɗai, mai yiwuwar ƙara mata turi, a kan wadda ake saya haɗaɗɗiya. A jimlace robar kan rage tsayawar numfashi da kusan rabi. Ga wasu tana kawar da ita gaba ɗaya, ga wasu kuma ba ta yin abin a zo a gani. Injin ya fi ta ƙarfi, amma mutane sun fi daɗewa da ita a baki cikin dare, shi ya sa amfaninsu kan zo kusa da juna ga masu matsakaiciyar cuta. Ba ta bukatar wuta, ba ta ƙara, tana shiga aljihu, direba da ɗan kasuwa da matafiyi duk za su iya tafiya da ita.

Iyakokinta

Robar tana riƙe ne da haƙora, saboda haka ana son mutum ya kasance da kimanin haƙori 8 masu ƙarfi a sama da 8 a ƙasa. Wanda haƙoransa ke girgiɗi, ko dasashinsa ke jini, ko mahaɗin muƙamuƙinsa ke ciwo, sai an fara yi masa maganin wannan. A makonnin farko akan sami yawan miyau ko bushewar baki, da tsamin muƙamuƙi da safe, galibi kuma suna wucewa. Bayan shekaru haƙora na iya ɗan gusawa, cizo ya canza, don haka ake komawa wurin likitan haƙori aƙalla sau ɗaya a shekara. A wanke ta kowace safiya da burushi da ruwan sanyi, domin ruwan zafi na lanƙwasa ta, kada kuma a bar ta a rana ko cikin mota.

Muna gargaɗin ƴan uwa game da robobin da ake tallatawa a intanet, waɗanda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza. Suna da araha, amma ba sa zama daram, suna iya cutar da haƙora, kuma suna sa mutum ya ɗauka ya warke ba tare da an auna shi ba. Haka nan cire beli a wurin wanzami ba ya magance wannan cuta, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Yaron da ke minshari kullum, yana barci baki buɗe, a kai shi wurin likitan maƙogwaro, domin a yara kumburin ƴan wuya da naman bayan hanci ne ke yawan jawo ta, kuma maganinta daban ne da na manya.

Abin da ke hannun iyali

Rage ƙiba na taimakon kowane magani. Wani bincike da aka yi a jihar Wisconsin ta Amurka, aka buga a 2000, ya nuna cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki na tafiya da raguwar tsayawar numfashi da kimanin kashi 26 cikin 100. Kwanciya a kan gefe ta fi rigingine, domin a rigingine harshe ke faɗawa baya. A guji taba, da ƙwayoyin sa barci, da tiramol, domin suna ƙara sassauta numfashi. A yi maganin toshewar hanci, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa. Wanda gyangyaɗi ke kama shi a kan tuƙi kuma ya ajiye makullin mota har sai ya ga likita.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan cuta kuwa abokin kwana ne ya sani. A daren yau, idan an ji minshari ya yanke, a ƙidaya daƙiƙoƙin shirun, a faɗa wa mai shi da lalama idan gari ya waye, sannan a raka shi asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu kwana lafiya mu tashi lafiya. Wassalamu alaikum.