Haƙuri Kaɗai Bai Ishi Matar Sojan Ruwa Ba

Ranar da mijin ƙanwata ya kama hanyar Legas, rundunar sojan ruwa ta tura shi kwas, mata sun cika tsakar gidan iyayensa a Argungu. Ina zaune a zaure ina jin muryoyinsu. Duk wadda ta shigo, da an gama gaisuwa, magana ɗaya take yi wa yarinyar: "Sai haƙuri, ɗiyata. Matar soja da haƙuri aka san ta." Gwaggonmu ta faɗa, maƙwabta sun faɗa, surukarta ta nanata har sau uku. Ni ma da na shiga yi mata sallama abin da na ce ke nan, don shi ya zo bakina. Sai da motarmu ta kusa Birnin Kebbi na tuna cewa a cikinmu duka babu wanda ya tambaye ta abin da aka bar mata na cefane, ko wanda zai riƙa kai ta awo, alhali tana da juna biyu.

Ra'ayin da nake so in yi wa raddi ke nan, kuma ya yaɗu a garuruwanmu: wai matar da mijinta ya tafi horon soja ba ta rasa komai ba. Aikin gwamnati yake yi, albashi na shiga kowane wata, ita kuma tana gidan surukai ana ci da ita. Abin da ya rage mata ta yi haƙuri, ta yi addu'a, ta kama bakinta kada ta ɗaga masa hankali. In ta yi ƙorafi, raki ne.

Masu wannan magana iyayenmu ne, kuma ba mugunta ta sa su faɗa ba. Da yawansu sun yi zaman jiran miji tun kafin a haife mu, sun san ɗacinsa. Ba na musun cewa haƙuri maganin zaman duniya ne. Inda na saɓa da su, cikin ladabi, shi ne inda suka ɗauka cewa haƙurin da suka yi a zamaninsu shi kaɗai ya riƙe su. Akwai abin da ya riƙe su tare da shi, sun manta da shi ne saboda a lokacin ba a rasa shi ba.

A tuna yadda tafiya take a ƙasar Kabi. Ɗan ci-rani ba ya barin gida sai an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, shinkafar fadama ta zo gida. Matarsa na ganin rumbun da idonta, ta san iyakar abin da ke ciki, ta san yadda za ta ja shi. Ta kuma san lokacin dawowarsa ba tare da an rubuta mata ba: da hadari ya fara haɗuwa a gabas, mai gona zai dawo gonarsa. Masuntanmu da ke bin ruwa su gangara Yawuri ko su wuce gaba, su ma tafiyarsu da lokacinta, kuma ba a rasa mai dawowa daga can da saƙo da ɗan busasshen kifi. Ga abinci a gabanta, ga wa'adi sananne, ga labari na zuwa. A kan waɗannan uku uwayenmu suka ɗora haƙurinsu, ya zauna daram.

To, a duba matar sojan ruwa ta yau. Rumbunta ya koma asusun banki. Ba ta ganinsa, ba ta san abin da ya shiga ba, kuma sau da yawa katin yana aljihun yayan miji ko mahaifinsa. Wa'adin tafiya ba damina ke yanke shi ba, sigina ce daga hedikwata, kuma tana iya sauyawa: a gama kwas a ce ya wuce jirgi, ko a tura shi Baga a bakin Tafkin Chadi. Labari kuwa, duk da wayar da ke hannun kowa, yakan yanke kwana da kwanaki, domin wanda ke fagen horo ko cikin teku ba shi da ikon wayarsa yadda yake so. An cire duwatsun murhu uku, an bar mata tukunya a hannu, ana ce mata mai haƙuri yakan dafa dutse.

Wani zai ce ai rundunar ba ta ɗaukar mai aure, ina matar ta fito? Gaskiya ne, sanarwar ɗaukar kurata takan sharɗanta cewa mai nema ya kasance bai yi aure ba, kuma horon farko a makarantar Onne, kusa da Fatakwal, wajen wata shida ne. Sai dai karatun sojan ruwa ba ya ƙarewa a Onne. Rundunar da aka kafa tun 1956 tana da makarantu a warwatse: Quorra a Apapa, kwalejin injiniyoyi a Sapele, makarantar makamai a Kachiya, ta aikin lafiya a Offa, ga kuma wadda aka buɗe a Dawakin Tofa ta jihar Kano a 'yan shekarun nan. Ƙarin girma da kwas yake tafiya. Yaron da ya shiga yana saurayi zai yi aure, ya haihu, kuma ya ci gaba da ɗaukar jaka. Jiran matarsa ba na sau ɗaya ba ne, abu ne da zai riƙa dawowa har ya yi ritaya. Daga Argungu zuwa Onne kuwa ya haura kilomita 1,000 a mota. Ba wurin da za a ce bari in leƙa gida ranar Asabar ba ne.

(Abin dariya, mu Kabawa muna alfahari da cewa ruwa namu ne. Tun 1934 muke tara duniya wurin bikin kamun kifi a bakin kogin Matan Fada, muna da Sarkin Ruwa, yaranmu na iyo kafin su iya karatu. Amma Gulbin Kabi ana hango ɗaya gaɓar. Tsohuwar da ɗanta ya ce mata zai yi mako uku bai ga ƙasa ba, ba ta da abin da za ta kwatanta shi da shi, balle ta fahimtar da surukarta.)

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurin masu wancan ra'ayi ita ce ta addini, kuma a nan ne nake ganin ta fi rauni. Malamai sun kawo cewa Sayyidina Umar, yana zagayen dare a Madina, ya ji wata mata na kukan kaɗaici saboda mijinta ya daɗe a wurin yaƙi. Bai aika a ce mata ta yi haƙuri ba. Ya je ya tambayi 'yarsa Nana Hafsatu iyakar abin da mace za ta iya jurewa, sannan ya sa wa rundunarsa wa'adi na watanni, a wata ruwayar huɗu, a wata shida, wanda ba za a riƙe soja ya wuce shi bai koma ga iyalinsa ba. An kuma ruwaito ya rubuta wa shugabannin runduna cewa mazan da suka bar matansu su aiko da abin ciyarwa ko su sauwaƙe musu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, tafiyar miji ba ta sauke masa nauyin ciyarwa da tufatarwa da muhalli. Akwai kuma hadisi ingantacce a Buhari da Muslim da ke nuna cewa wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri yana da lada irin na wanda ya fita. Wannan aiki ne aka ɗora wa waɗanda suka rage a gida, wato mu. A ƙasar da Malam Abdullahi na Gwandu ya bar gadon ilimi, bai kamata mu ɗauki rabin hukunci mu miƙa wa yarinya, mu ɓoye rabin da ya hau kanmu ba.

Sai batun "ai tana gidan surukai, me za ta rasa?" Ba na zargin kowa da cin amana. Albashin ƙaramin soja ba wani abu ba ne, gidan kuma bakuna da yawa. Uban da ya sayar da shinkafarsa ya yi wa yaro kuɗin mota zuwa wurin tantancewa yana da haƙƙi a kan abin da yaron ya samu. Matsalar tana wurin kunya. Yarinyar da ba ta iya kiran sunan surukinta, wadda ke durƙusawa ta sunkuyar da kai in zai wuce, ta yaya za ta buɗe baki ta ce masa kuɗin maganin da likita ya rubuta bai isa ba? Za a ba ta tuwo, babu shakka. Amma sabulu, da man shafawa, da katin waya, da abin da mai ciki ke kwaɗayi da tsakar dare, da abubuwan mata da ba a faɗa wa namiji in ba miji ba, waɗannan sai ta haɗiye. Al'adarmu ce ta hana ta magana, sannan mu juyo mu ɗauki shirunta a matsayin shaidar cewa lafiya lau take. Da ƙanwata ta sayar da 'yan kunnenta, surukarta ba ta sani ba, mu ma ba mu sani ba sai daga baya.

Akwai kuma abin da haƙuri ba ya ko kusantarsa, wato takarda. Soja na cika takardar magaji tun yana kurtu, lokacin ba shi da mata, sai ya rubuta mahaifinsa ko yayansa. Shekaru su wuce bai sauya ba, ko don mantuwa ko don gudun kada a ce mata ta mallake shi. In ta Allah ta kasance, wanda ke kan takardar shi hukuma za ta nema. Haka tsarin inshorar lafiya na ma'aikatan tarayya, wanda sojoji ke da nasu reshen: yana ɗaukar mata da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, amma sai an yi musu rajista. Mace na iya biyan kuɗin asibiti daga aljihunta shekara da shekaru alhali tana da haƙƙin da ba a gaya mata ba. Wanda kuma ya ɓoye aurensa don ya samu shiga, ya sani ya jefa aikinsa cikin haɗari, matar kuma ya bar ta babu sunanta a ko'ina.

Matan da ke zaune a bariki, kamar Navy Town a Ojo ta Legas, suna da abin da tamu ba ta da shi. Akwai magajiyar bariki da ake kai wa kuka. Akwai ƙungiyar matan hafsoshi ta NOWA da makarantunta da wuraren koyon sana'a. Mafi amfani ma, akwai maƙwabciyar da mijinta ya yi wannan kwas ɗin bara, wadda za ta ce mata kwantar da hankalinki, a makon nan ba sa samun sukunin waya. Ta Argungu ko Birnin Kebbi ba ta da mai gaya mata haka. Abin da take samu, in waya ta yi shiru kwana goma, shi ne wata daga cikin masu cewa "sai haƙuri" ta dawo da sabon zance: "Ke dai ki dage da addu'a, kin san matan bakin teku." Wannan ba nasiha ba ce, kuma na ga yadda take hana mutum barci.

Game da ɓoye masa damuwa, na yarda da iyayenmu rabi. Ba kowane saɓani da facala ko ƙanwar miji ya kamata a kira mutum yana shirin jarrabawa a zayyana masa ba. Amma ciwon yaro, ko ƙarewar abinci, ko matsalar ciki, haƙƙinsa ne ya sani. Namijin da ya dawo ya tarar an yi wata uku ana rufe shi, ba godiya yake yi ba. Daga ranar ya daina yarda da "lafiya lau" ɗin da ake ce masa a waya, hankalinsa kuma ya fi tashi a tafiya ta gaba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba, kuma kafin tafiya ake yin sa. A zauna da ita, ba a bayan idonta ba, a yanke abin da zai riƙa shiga hannunta kai tsaye. Ya gaya mata tsawon kwas ɗin da lokutan da ba za a same shi ba, ya bar mata lambar wani abokin aikinsa. A tambaye ta inda take son zama, domin komawa gaban mahaifiya na 'yan watanni ba yaji ba ne. In tana da sana'a, ko turara shinkafa ce irin ta matan garin, ko karatu take yi, kada tafiyarsa ta zama dalilin tsayar da ita.

Bayan labarin 'yan kunnen na koma Argungu. Na sami surukin nata a zaure bayan la'asar, na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in kai ga maganar. Fuskarsa ta sauya.

"Wato a gidana za a ce an bar ɗiyar mutane da yunwa?"

"A'a, Baba, Allah ya ƙara girma. Ba ta ce ba, ni ma ban ce ba. Kunyarku take ji, shi ya sa ba ku ji komai daga bakinta ba."

Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce shi kansa bai taɓa tambayar nawa ke shiga ba, babban ɗansa ke ciro kuɗin ya yi cefanen gida. Ya aika aka kira shi. A gabana suka yanke abin da za a riƙa tura mata duk wata, tsohon ya ƙara da cewa in watan haihuwa ya kama a kai ta wurin mahaifiyarta. Da zan tafi na leƙa ciki, surukarta ta rako ni har bakin ƙofa tana cewa ita wallahi ba ta sani ba, ita a zamaninsu mabuɗin rumbu a hannunta yake.

Ƙanwata ta sauka lafiya, mijin yana Apapa, a waya ya raɗa wa jaririyar suna. Takardar magajin kuwa har yanzu sunan yayansa ne a kai. Ya ce sai ya samu fas ya zo gida, yana so ya fara yi wa Baba bayani da bakinsa.