Abincin Dare Mara Nauyi: Kifi da Kayan Lambu

Dukanmu mun san abin da tuwo mai nauyi yake yi wa mutum da dare. Ɗalibi ya ci ya ƙoshi, ya shiga ajin karatun dare, kafin ya juya shafi biyu gyangyaɗi ya kama shi. Iyayenmu da suka manyanta kuwa sukan yi kukan ƙwannafi da kumburin ciki in sun kwanta a kan nama mai kitse. Shi ya sa muka ga ya kyautu mu bayyana yadda ake haɗa kifi da kayan lambu, abincin da ba ya ɗaukar minti 40, ga shi yana gina jiki ba tare da ya danne ciki ba.

Aikin yana farawa ne tun daga kasuwa. Kifin da muka fi samu shi ne karfasa da tarwaɗa, wani lokaci da giwan ruwa. Ana kamo su a Kogin Binuwai da Tafkin Kainji da Tafkin Chadi, ko da yake tarwaɗa da yawa yanzu ta kiwo ce. Kifi ya fi naman shanu saurin lalacewa, balle a lokacin zafi, don haka kada mu yarda mai sayarwa ya zaɓa mana. Mu dubi idonsa: in yana sheƙi, ya fito sarai, kifin sabo ne. In ya dushe ya faɗa ciki, mu wuce. Mu ɗaga murfin da ke gefen kansa, cikin ya zama ja, ba ruwan toka ba. Sa'an nan mu danna jikinsa da yatsa; in wurin ya zauna a lotse, kifin ya kwana. Araha ba ta biyan kuɗin asibiti.

A gida sai a kankare ɓawon karfasa, a tsaga cikin a hankali don kada maɗaciya ta fashe, gama in ta fashe ɗacinta yakan ɓata naman. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, sai yauƙi; ruwan zafi da gishiri ko lemun tsami suna fid da shi.

Domin mutum 4, karfasa 2 matsakaita sun isa. A yanka albasa 1, tumatir 4, tattasai 2 da attarugu 1, a soya su sama-sama cikin man gyaɗa cokali 2 kawai, tare da ɗanyar citta da tafarnuwa. A zuba ruwa kofi 1 da gishiri, in ya tafasa a jera kifin, a rage wuta, a rufe. Minti 12 zuwa 15 sun ishe shi. Dalili kuwa shi ne naman kifi ba shi da jijiyoyi masu tauri irin na naman dabba, saboda haka doguwar dahuwa dagargaza shi take yi. Ba a juya shi da ludayi, girgiza tukunyar ake yi. In naman ya yi fari har ciki, yana rabuwa da ƙaya ba wuya, ya nuna.

Wurin kayan lambu ne mu Hausawa da makwabtanmu muka fi yin ɓarna, muna dafa ganye har ya koma baƙi. Sinadarin bitamin C ba ya jure wa zafi, kuma yana narkewa cikin ruwa. Don haka karas ya fara shiga, minti 5 kafin a sauke. Kabeji ya bi baya. Alayyafo kuwa minti 2 sun ishe shi, a sauke shi yana nan kore shar. In an matsa lemun tsami bayan an sauke, yana taimakon jiki ya amfana da sinadarin ƙarfen da ke cikin ganyen. Latas da kokwamba da za a ci ɗanye, dole a wanke su sosai da ruwa mai tsabta, domin wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake ba su, kuma ta nan taifot da kwalara suke shiga gida.

Dankalin Turawa na Jos dafaffe, ƙwaya biyu ko uku, ya dace da wannan romo. A cire wa ƙananan yara ƙaya kafin a miƙa musu kwano, musamman ta karfasa. Inda babu firiji kuma, a dafa daidai ci, kada a bar saura ya kwana.