Ɗaukaka Ƙara a Filin Kurket: Alƙali, Na'ura da Kyaftin a Wasan Kwana Biyar

Kurket na kwana biyar, wanda ake kira Test, shi ne mafi daɗewa kuma mafi daraja a cikin karawar kurket tsakanin ƙasashe. An fara buga shi a watan Maris na 1877 a birnin Melbon, inda Ostareliya ta doke Ingila da maki 45. Ƙungiyoyi 12 kacal hukumar kurket ta duniya, ICC, ta yarje wa buga shi, cikinsu har da Indiya, Pakistan, Afirka ta Kudu, Zimbabuwe da gamayyar ƙasashen Karebiyan. Najeriya mamba ce a hukumar, amma ba ta shiga wannan sahu ba.

Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11, kuma kowacce tana samun zagayen bugu sau biyu. Mai bugu yana tsaye da faffadan katako a gaban turaku uku, yana kare su yana kuma neman maki. Mai jifa kuwa burinsa ya fitar da shi: ko ƙwallo ta bugi turakun, ko a cafe ta a sama bayan ta taɓa katakon, ko kuma mai bugun ya tare ta da ƙafa alhali turakun ta nufa. Idan an fitar da mutum goma, zagayen ya ƙare. Wanda aka fitar ba ya dawowa sai zagaye na gaba, shi ya sa hukunci guda na alƙali kan iya kifar da aikin kwana biyar.

Aikin alƙalin ba ƙarami ba ne. Tsakanin mai jifa da mai bugu kimanin mita 20 ne, kuma gwanayen jifa kan wuce gudun kilomita 140 a awa. Cikin kusan rabin daƙiƙa alƙali zai ga inda ƙwallo ta dira, ya saurari ko ta gogi katako, ya kuma ƙiyasta inda za ta nufa da ƙafa ba ta tare ta ba. Haka alƙalan fili biyu za su yi ta yi, suna karɓa-karɓa, har jifa 540 a yini. Da can ƙasa mai masaukin baƙi ce ke kawo alƙalai, don haka zargin son kai bai taɓa ƙarewa ba. A 1994 aka wajabta alƙali ɗaya daga wata ƙasa dabam, a 2002 aka mayar da su biyu. Alƙali na uku, mai zama gaban talabijin, ya fara aiki a 1992 a Daban ta Afirka ta Kudu, kuma Sachin Tendulkar na Indiya ne ɗan wasa na farko da ya fitar.

Abin da ya hanzarta gyara shi ne wasan Ostareliya da Indiya a Sidni a watan Janairun 2008. Andrew Symonds na Ostareliya yana da maki 30 ƙwallo ta gogi katakonsa aka cafe, alƙali Steve Bucknor ya ce bai fita ba. Symonds ya ci gaba har ya tara 162, Ostareliya ta ci wasan, Indiya ta yi ta kumfar baki, aka cire Bucknor daga wasa na gaba. A watan Yulin wannan shekara aka gwada ba 'yan wasa damar ɗaukaka ƙara, a karawar Siri Lanka da Indiya a Kolambo. Gwajin bai yi wa Indiya daɗi ba: a jerin wasannin gaba ɗaya, Siri Lanka ta yi nasara a ƙara 11, Indiya a ɗaya tak. An ƙaddamar da tsarin, mai suna DRS, a watan Nuwamban 2009, amma Indiya ta ƙi yarda da shi a wasanninta har zuwa 2016, tana cewa ba ta amince da ƙiyasin na'urar ba.

Da zarar alƙali ya yanke hukunci, mai bugu ko kyaftin ɗin masu jifa yana da daƙiƙa 15 ya haɗa hannuwansa ya yi alamar harafin T. An haramta neman shawara daga 'yan benci. Alƙali na uku zai fara duba ko mai jifa ya ƙetare layi. Sai ya koma ga na'urar sauti, wadda ke zana tsini a allo daidai lokacin da ƙwallo ta taɓa wani abu. Idan batun tarewa da ƙafa ne, kyamarorin Hawk-Eye za su zana hanyar ƙwallon su amsa tambaya uku: ina ta dira, ina ta sami ƙafar, kuma da za ta bugi turakun ko kuwa. Tun 2020 kowace ƙungiya tana da damar faɗuwa ƙara sau uku a kowane zagaye. Ƙarar da ta yi nasara ba ta rage komai.

Inda gardama ta fi zafi shi ne ƙwallon da ke kan gaɓa. Idan na'ura ta nuna ƙasa da rabin ƙwallon ne zai taɓa turke, hukuncin alƙalin fili ne zai tsaya, ko wane iri ne. Jifa iri ɗaya ke nan kan iya fitar da wani, ta bar wani, gwargwadon abin da alƙali ya fara faɗa. Tendulkar na cikin masu cewa a soke wannan ƙa'ida, tunda ƙwallon da ta taɓa turke ta taɓa. Hujjar hukumar ita ce, sashen ƙarshe na zanen ƙiyasi ne, domin ƙwallon ba ta taɓa isa wurin ba, kuma an kafa tsarin ne don gyara kuskure bayyananne. Hujjar tana da ƙarfi, ko da yake ba ta sanyaya zuciyar wanda aka fitar. A 2017 aka sassauta, ƙungiya ta daina rasa damarta a irin wannan hali, kuma a 2021 hukumar ta sake tabbatar da ƙa'idar.

Babban sauyin da tsarin ya kawo shi ne ya sauke wani kaso na nauyin alƙali ya ɗora wa kyaftin. Wasan Hedinle na watan Agustan 2019 ya nuna haka ƙarara. Ingila, wadda aka share da maki 67 a zagayen farko, tana neman 359, kuma saura mutum ɗaya a fitar Ostareliya ta ci. Ben Stokes ya turje, Jack Leach yana tare masa ɗaya ɓangaren. Cikin ɗimuwa kyaftin ɗin Ostareliya Tim Paine ya kashe damarsa ta ƙarshe a kan Leach, a jifar da ta dira can wajen layi. Ba a jima ba, saura maki biyu, jifar Nathan Lyon ta sami Stokes a ƙafa. Alƙali Joel Wilson bai ɗaga yatsa ya fitar da shi ba. Hawk-Eye ta nuna wa masu kallo a gida cewa turakun ƙwallon ta nufa, amma Paine ba shi da sauran ƙara. Stokes ya gama da 135, Ingila ta ci.

Saboda irin wannan, ƙungiyoyi sun tsara wa kansu yadda za su yi amfani da daƙiƙa 15 ɗin. Mai jifa kusan kullum yana ganin ya fitar da mutum, don haka ba a cika dogara da shi ba. Kyaftin ya fi sauraron mai tsaron bayan turaku, wanda ke ganin layin ƙwallo, da ɗan wasan da ke gefe, wanda ke ganin tsayinta. Masu jifar murɗe su ma sun amfana, domin alƙalai sun ga a allo cewa jifa da yawa da a da suke yafewa turaku suke nufa, kuma masu bugu sun rage miƙa ƙafa gaba don tare ƙwallo.

Tun 2019 kuma sakamakon yawancin waɗannan wasanni yana shiga gasar zakarun duniya ta Test. A tsarin yanzu nasara tana kawo maki 12 a teburin gasar, canjaras 4, kuma ana jera ƙungiyoyi bisa kason makin da suka samu cikin wanda suka nema, biyun farko su kara a wasan ƙarshe. Ƙarar da aka ɓarnatar a wasa guda kan iya hana ƙungiya wannan gurbi. Niyu Zilan ce ta ɗauki kofin farko a 2021, Ostareliya a 2023, sai Afirka ta Kudu ƙarƙashin Temba Bavuma, wadda ta doke Ostareliya a filin Lord's na Landan a watan Yunin 2025.