Ya Ci Jarrabawa, Amma Ya Gane Kuwa?

 Kafin mu shiga bayani ga wata 'yar tambaya, ki riƙe amsarki a zuci. Tirela ce ɗauke da buhunan siminti ta yi taho-mu-gama da ƙaramar mota. A daidai lokacin da suka haɗu, wacce ce ta fi dukan 'yar uwarta da ƙarfi?

Kusan kowa zai ce tirela mana, ai ko makaho ya shafa ya san wadda ta ji jiki. To amma a ilimin Fiziks, wato fannin kimiyyar da ke nazarin motsi da ƙarfi da zafi da haske da lantarki, amsar ita ce ƙarfin da tirela ta daki ƙaramar mota da shi, daidai yake da wanda ƙaramar motar ta daki tirela da shi. Wannan ita ce ƙa'ida ta uku cikin ƙa'idojin motsi da Isaac Newton na Ingila ya wallafa a 1687. Abin da ya sa ƙaramar ta fi ragargajewa shi ne ba ta da nauyi, don haka dukan da bai girgiza tirela sosai ba ita sai ya yi wurgi da ita.

Idan kin faɗi wannan tambaya kada ki damu, domin ɗaliban manyan jami'o'in duniya ma sun faɗi, bayan kuwa sun haddace ƙa'idar. Labarinsu ne muka kawo miki a wannan wata, saboda ya shafi ɗanki ko 'yarki da ke burin zama likita ko injiniya. Kin dai san a Nijeriya mai neman karatun likita sai ya rubuta Fiziks a jarrabawar JAMB, kuma in ya samu shiga jami'a zai sake haɗuwa da ita a shekarar farko.

A 1985 wasu malamai biyu na Jami'ar Jihar Arizona da ke Amurka, Ibrahim Halloun da David Hestenes, suka fitar da sakamakon wani bincike da ya tayar wa malaman Fiziks hankali. Sun gano cewa ɗalibi ba ya shigowa aji da kai fayau. Tun yana yaro ya riga ya gina nasa tunanin game da yadda abubuwa ke motsi, kuma yawancin wannan tunani ya saɓa wa abin da kimiyya ta tabbatar. Misali, ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa idan aka cilla ƙwallo sama, ƙarfin hannun da ya cilla ta yana nan a cikinta yana tura ta, sai ya ƙare sannan ta faɗo. Alhali da zarar ta bar hannu babu abin da ke tura ta sama, jan da ƙasa ke yi mata ne yake rage mata gudu har ta tsaya ta juyo. Abin mamakin shi ne, bayan an shafe watanni ana yi musu lacca, da yawansu suna nan a kan tunaninsu na da. A 1992 Hestenes da abokan aikinsa biyu suka wallafa wata jarrabawa ta musamman a kan ƙarfi da motsi, mai tambayoyi kusan 30, babu lissafi a ciki, fahimta kawai take aunawa.

Can kuma a Jami'ar Harvard akwai wani farfesa mai suna Eric Mazur, wanda ɗalibansa ke yabon laccarsa, suna kuma cin jarrabawarsa. Da ya karanta binciken Arizona sai ya ga ai wannan matsala ba za ta shafi nasa ɗaliban ba. Wajen 1990 ya gwada su da irin waɗannan tambayoyi, sakamakon ya ba shi kunya. Ɗaliban da ke warware lissafi mai wuya suka riƙa tuntuɓe a kan tambayoyi masu kama da wasan yara. Ashe hanyar warware lissafin suka haddace, suna zuba lambobi amsa na fitowa, ba tare da sun san abin da ke faruwa ba. Karatun aku ke nan.

Daga 1991 sai Mazur ya sauya salon koyarwarsa. Ɗalibai su karanto darasin tun daga gida. A aji ya yi ɗan gajeren bayani, sannan ya jefa tambaya guda ta fahimta mai amsoshi huɗu ko biyar. Kowa ya yi shiru ya yi tunani na minti ɗaya ko biyu, ya zaɓi amsarsa. Idan kan ajin ya rabu, sai ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta bambanta, ya yi ƙoƙarin gamsar da shi. Bayan 'yan mintoci a sake zaɓe, kuma galibi sai a ga masu amsa daidai sun ƙaru sosai. Dalilin da ya bayar kin san shi daga kicin. Wadda ta shekara ashirin tana tuƙa tuwo ta manta inda yake yi wa 'yar koyo gardama, amma wadda ta iya jiya-jiyan nan tana sane da inda gudaji ke fitowa. Haka ɗalibin da ya gane yanzun nan ya fi farfesa sanin inda ɗan uwansa ya maƙale. Mazur ya rubuta littafi a kan wannan hanya a 1997.

A 1998 wani malamin, Richard Hake na Jami'ar Indiana, ya tattara sakamakon ɗalibai sama da 6,000 daga azuzuwa 62 na sakandare da kwaleji da jami'a. An gwada su a farkon karatu da kuma ƙarshensa. A azuzuwan da malami ke ta zuba bayani ɗalibai na kwafa, kimanin kashi 23 cikin 100 na abin da ba su sani ba da farko suka cike. A azuzuwan da ake sa su tunani da muhawara da gwaji kuwa, sun cike kimanin kashi 48, wato ninki biyu ke nan.

Wannan ba yana nufin a yi watsi da hadda ko lissafi ba. Dole ɗalibi ya riƙe ƙa'idoji a ka, kuma babu Fiziks in babu lissafi. Abin nufi shi ne fahimta ta zama harsashi. A Harvard ɗin ma an lura cewa da fahimta ta ƙaru, iya warware lissafin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi.

To ina naki rabon a ciki, 'yar uwa? Babba ne, ko da kuwa ba ki taɓa shiga ajin kimiyya ba. Tunanin da ɗalibi ke shiga jami'a da shi a tsakar gida yake farawa, kuma gidanki cike yake da kayan gwaji. Da sanyin safiyar hunturu ki sa yaro ya taɓa cokalin ƙarfe da muciya, ki tambaye shi wanne ya fi sanyi. Zai ce cokali. Gaskiyar ita ce tunda wuri ɗaya suka kwana sanyinsu ɗaya ne, ƙarfe ne kawai ya fi itace saurin janye ɗumin hannu. Ki tambaye shi me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi. Randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, in ya bushe ya bi iska sai ya tafi da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Ki ba shi babban dutse da ƙarami ya sake su tare daga tsayi ɗaya, amma kafin ya sake ya faɗi wanda zai riga isa ƙasa. Zai ga kusan tare suke sauka. Sirrin yana cikin ya fara faɗin hasashensa tukuna, domin sai ya ga hasashen ya sha ƙasa da idonsa sannan tsohon tunanin zai sake shi.

Idan kuma babba ne, ɗan sakandare ko jami'a, kada ki tsaya ga tambayar maki nawa ya ci. Ki ce ya rufe littafi ya bayyana miki darasin yau da Hausa, yadda ke ma za ki gane. In ya fara kame-kame yana maimaita Turancin littafi, to da sauran aiki. Ki ƙarfafa masa gwiwar yin bita da abokan karatu na kirki, su yi gardamar ilimi maimakon kwafar amsar juna. Kuma don Allah kada ki gwale yaro mai yawan tambaya, musamman 'ya mace da kunya kan hana ta ɗaga hannu a aji. In ba ki san amsa ba ki ce masa ku nemo tare, matambayi ai ba ya ɓata.

Likitan da zai duba mara lafiya gobe, da injiniyan da zai gina gada, ba za su tarar da matsalar da ke gabansu a rubuce cikin littafin da suka haddace ba. Abin da suka gane shi ne zai fitar da su, ya kuma tsare rayukan da aka damƙa musu. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya sa musu albarka, amin.