Wiwi Bayan Tashi Daga Aiki: Dokar Kalifoniya Ta Ɗaure Hannun Kamfanoni

Tun 1 ga Janairu, 2024, kamfani a jihar Kalifoniya ta Amurka ba shi da ikon korar ma'aikaci don ya sha tabar wiwi bayan ya tashi daga aiki. Gwamna Gavin Newsom ne ya sa wa dokar hannu a 2022.

Abin da ke ci wa masu kamfanoni tuwo a ƙwarya shi ne gwaji. Gwajin fitsari yakan nuna ragowar wiwi ko an yi makonni da sha, saboda haka dokar ta hana kafa hujja da shi. Sai dai a koma irin gwajin yawu. Amma wanda aka kama a buge a bakin aiki, ana iya sallamarsa. Ma'aikatan gine-gine kuwa, dokar ba ta kare su ba.