Tsuntsu Mai Jan Wutsiya da Itacen Gawo a Gonakinmu

Daga watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, manomi a Dogo Nini da kewayen Potiskum zai iya ganin wani ɗan tsuntsu a ƙananan rassan itatuwa yana ta karkaɗa jar wutsiyarsa. Masana suna kiransa Phoenicurus phoenicurus. Tsawonsa kamar santimita 14 ne, nauyinsa kuwa kusan giram 15. Baƙo ne daga dazuzzukan Turai, inda yake sheƙa a kogon itace, yake kuma rera kukansa da bazara. Idan sanyi ya gabato can, sai ya ƙetaro hamadar Sahara ya zauna a yankin Sahel har wajen Maris ko Afrilu.

Wajibi ne malaman gona su bambanta wa manoma shi da jan baki, wanda ke zuwa garke-garke yana cinye gero da dawa. Wannan shi kaɗai yake yawo, abincinsa kuma ƙwari ne da tsutsotsi da gizo-gizo.

Ƙungiyar IUCN ta sanya shi cikin tsuntsayen da ba a fargabar ƙarewarsu. Amma fa hakan bai nuna ya tsira ba. Lokacin farin da ya afka wa Sahel daga 1968 zuwa 1973, masu ƙidayar tsuntsaye a Turai sun ga yawansa ya ragu ƙwarai, domin da yawa sun mutu a nan wajenmu.

Abin da ke riƙe irin waɗannan baƙin tsuntsaye da rani shi ne itatuwa masu ƙaya, irin su gawo da aduwa. Gawo ya fi muhimmanci, domin shi ne ke zubar da ganye da damina ya kuma yi kore da rani, lokacin da sauran itatuwa suka bushe, sai ƙwari su taru a kansa. Wannan ganyen da ya zuba shi ne takin da ke sa gero yin kyau a ƙarƙashinsa.

A yanki mai yawan dabbobi kamar Potiskum, sassare rassa don kiwo da neman itacen girki su ne babbar barazana. Ana shawartar manoma su rage rassa kaɗan kawai, kada a yi wa itace ƙwal. Lokacin sharar gona kuma a bar tohon gawo da aduwa, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kula da su, kamar yadda manoman Maraɗi suka fara yi a shekarun 1980.